Yadda Mai Zama a Ƙasar Waje Zai Shirya Fitar Ƙarshen Mako da Mota

Akwai waɗanda suka shekara biyar a wata ƙasa, amma in ka bincika abin da suka sani a cikinta bai wuce hanya uku ba: ta wurin aiki, ta kanti, da ta filin jirgi. Ban ga laifinsu ba. Zaman ƙasar waje yana cinye mutum a hankali ba tare da ya farga ba. Aiki daga farkon mako zuwa ƙarshensa, ranar hutu ta farko wanki da sayayya, ta biyu barci da kiran 'yan'uwa a waya, kafin ka ankara wani makon ya kama. Na yi irin wannan zaman, na san yadda yake danne ƙirji. Abin da ya fara sassauta mini shi ne ranar da na ɗauki mota na bar gari, na yi tafiyar awa ɗaya da rabi, na zauna a bakin wani kogi, na dawo kafin duhu. Tun daga ranar na fara jin cewa zaune nake a ƙasar, alhali a da kwana kawai nake ƙirgawa.

Abin da na koya bayan fita da yawa shi ne, tafiyar Asabar tun ranar Talata ake yin ta, kuma abin da ya fi ɓata wa baƙo tafiya takarda ce, inji bai cika ba da matsala ba. Saboda haka da takardu za mu fara.

Mataki na farko: tabbatar lasisinka yana da rai a inda kake

Lasisin da ka zo da shi daga ƙasarku yana aiki ne na ɗan lokaci, kuma agogonsa yana fara bugawa ne daga ranar da ka zama mazauni. A Birtaniya wata 12 ne. A Faransa shekara ɗaya. A Jamus wata 6 kacal, in ba lasisin wata ƙasar Tarayyar Turai kake riƙe da shi ba. A Amurka kowace jiha da tata dokar, kuma wasu suna da tsauri ƙwarai: Kalifoniya kwana 10 take ba wanda ya zama mazauninta. In wa'adin ya wuce kana ci gaba da tuƙi, a idon doka kai mai tuƙi ne ba lasisi. Mafi munin abin ma ba tarar ba ce. In aka yi haɗari, kamfanin inshora yana iya zare hannunsa, dukan ɓarnar ta dawo wuyanka, kuma irin wannan laifin yana iya biyo mutum har ranar da zai sabunta izinin zama.

Mutane da yawa suna ruɗewa da lasisin ƙasa da ƙasa. Wannan ɗan littafin fassarar lasisinka ne kawai, ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a haɗa shi da na ainihi, kuma ƙasar da ta ba ka lasisi ita ce ke ba da shi. Ba ya ƙara maka wa'adi bayan ka zama mazauni. Waɗanda aka fi amfani da su iri biyu ne: na yarjejeniyar Jeneba ta 1949, mai shekara ɗaya, da na yarjejeniyar Biyana ta 1968, wanda kan kai shekara uku. Japan, alal misali, na 1949 take karɓa.

Shawarata, kada ka jira wa'adi ya matso. Tun watanninka na farko ka bincika ko ƙasar tana musanya lasisin ƙasarku kai tsaye, ko sai ka sake jarrabawa. In jarrabawa ce, ka yi rajista da wuri domin layin yana da tsawo a wurare da yawa, kuma ka biya malamin tuƙi ko da darasi kaɗan ne, ko shekara ashirin ka yi kana tuƙi. Tsohon direba ya fi sabo faɗuwa a wasu lokuta, saboda hannunsa ya riga ya saba da wata hanya. Ka lura kuma, a Birtaniya da ƙasashen Turai in ka ci jarrabawa da mota mai giyar otomatik, ita kaɗai lasisin zai ba ka damar tuƙawa.

Mataki na biyu: san iyakar da takardar zamanka ta kai

A Turai kana iya tuƙin awa ɗaya ka tsinci kanka a wata ƙasa ba tare da ka ga shinge ba. In kana da katin izinin zama na ɗaya daga cikin ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, kana da damar ziyartar sauran har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Amma rashin shinge ba ya nufin a bar fasfo a gida. Ƙasashe sukan dawo da bincike a kan iyaka in sun ga dama, kuma jami'in da ya tsayar da kai fasfo da katin zama zai nema, duka biyun, na kowa da ke cikin motar har jarirai. Birtaniya da Ayalan ba sa cikin Shengen, izinin zaman can ba ya buɗe maka ƙofar Faransa, haka na Faransa ba ya buɗe maka tasu.

In katinka ya ƙare kana jiran sabo, kada ka tsallaka iyaka da takardar shaidar jira sai ka tambayi ofishin shige da fice sun tabbatar maka a rubuce. Fita tana da sauƙi, dawowar ce abin ji. Masu zama a Amurka kusa da Kanada su ma su kula: a Detroit da Niyagara akwai gadojin da in ka hau layinsu kai tsaye bakin iyaka za su kai ka, babu wurin juyawa. Wanda bizarsa ba ta ba shi damar sake shigowa ba, kuskuren layi ɗaya yana iya zame masa babban al'amari.

Mataki na uku: zaɓi wuri kusa

Nan ne yawancinmu muke kuskure. Mutum ya daɗe bai fita ba, sai ya ɗauko tafiyar awa bakwai zuwa, bakwai dawowa, ya cusa a cikin kwana biyu. Ya dawo a gajiye, ya shiga aiki da ciwon baya, ya rantse ba zai sake ba. Ka'idar da nake bi ita ce: fitar yini ɗaya kada ta wuce awa biyu zuwa, ta kwana ɗaya kada ta wuce awa uku zuwa huɗu. Ka buɗe taswira ka zana da'ira a kewayen garinku, za ka yi mamakin abin da ke cikinta.

Wanda ke Furankfot yana da kwarin kogin Rayin, tsakanin Bingen da Kobilenz, kimanin kilomita 65 na tsofaffin fadoji a kan duwatsu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Na Toronto yana da magangarar ruwan Niyagara a nisan kilomita 130 ko kusa da haka, kuma daga ɓangaren Kanada zai gan ta ba sai ya tsallaka ba. Na Washinton yana da hanyar Skyline Drive, mil 105 a kan tsaunukan Shenandowa, inda doka ta tsayar da gudu a mil 35 a awa, wato an gina ta ne don kallo. Na Dubai yana da garin Hatta da kuma dutsen Jabal Jais. Na Melbon yana da hanyar bakin teku ta Great Ocean Road, wajen kilomita 240, wadda ta fi dacewa da kwana biyu.

Ba dole ne sai sanannen wuri ba. Wasu daga cikin fitar da na fi jin daɗinsu zuwa ƙananan garuruwa ne da babu mai tallarsu. Ka tambayi abokan aikinka 'yan ƙasa inda iyayensu suke kai su suna yara. Matambayi ba ya ɓata, kuma wannan tambayar tana buɗe hira fiye da yadda kake zato. Mutumin da shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa ku, sai ka ga ya ɗauko takarda yana zana maka hanya.

Ka zaɓi abu ɗaya da za ka je dominsa, ka ƙara na biyu in lokaci ya ba da dama. Kuma ka duba lokacin faɗuwar rana. A Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, a watan Yuni kuwa sai bayan ƙarfe tara. Tafiyar da ta yi daidai a lokacin zafi, a hunturu rabinta cikin duhu za a yi.

Mataki na huɗu: motar

In taka ce, ranar Alhamis da yamma ka ba ta minti goma sha biyar. Duba iskar taya tun tayar tana da sanyi. Adadin da ya kamata yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai. Duba zanen taya: a Birtaniya da Tarayyar Turai doka ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba. Duba baƙin mai, ruwan sanyaya inji, ruwan wanke gilashi, fitilu gaba da baya. Buɗe but ka ga ko akwai safayar taya, domin sababbin motoci da yawa babu, sai ɗan famfo da gwangwanin liƙe faci.

In haya za ka ɗauka, a nan ne ake buƙatar natsuwa. Yawancin kamfanoni katin bashi suke so, mai sunan direban, kuma za su riƙe wani kaso na kuɗi a kansa har ka dawo da motar. Wanda bai kai shekara 25 ba sau da yawa ana ƙara masa caji. Kafin ka sa hannu ka nemi amsar tambayoyi huɗu. Nawa ne zai fita daga aljihuna in motar ta samu rauni, kafin inshora ta ɗauki sauran? Akwai iyakar kilomita? An yarda in tsallaka da ita wata ƙasa? Yaya tsarin mai yake? Tsarin da ya fi adalci shi ne ka karɓa da cikakken tanki ka mayar da cikakke. Duk wanda zai taɓa sitiyari sai sunansa ya shiga takarda. Matarka ce ko amininka, in ba a rubuta shi ba inshora ba ta san da shi ba.

Sannan kafin ka tayar, ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo: kowace taya da bakin ƙarfenta, gilashin gaba, madubai, rufi, kujeru, allon mai da na kilomita. Ka maimaita ranar mayarwa. Wani kamfanin haya ya taɓa aiko mini da takardar neman kuɗin wani ƙarce a ƙofar baya, mako biyu bayan na mayar da mota. Bidiyon ranar karɓa na tura musu, ƙarcen yana ciki ƙarara, maganar ta mutu a nan.

Ka tambayi irin man da take sha, domin launin hannun famfo yana yaudara. A Birtaniya kore fetur ne, baƙi dizal. A Amurka kuwa kore galibi dizal ne. A Faransa in ka ga "gazole" dizal ake nufi, a Sifaniya "gasóleo" dizal ne, "gasolina" fetur. Tun 2018 famfunan Tarayyar Turai suna ɗauke da alama iri ɗaya: da'ira mai E5 ko E10 fetur, murabba'i mai B7 dizal. In ka yi kuskure ka zuba wanda ba shi ba, kada ka tayar da inji, kada ma ka murɗa makulli. Ka kira masu taimako su zuƙe tankin. Tayarwar ce ke kai man cikin inji ta mayar da ƙaramar asara babba.

Masu yara su tanadi kujerar yaro. A Birtaniya wajibi ce har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, a Jamus shekara 12 ko santimita 150.

Mataki na biyar: koyi dokokin da hannunka bai saba da su ba

In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. A Birtaniya, Ayalan, Japan, Ostireliya, Indiya da Afirka ta Kudu ta hagu ake tuƙi. Wanda ya saba da dama ba a babbar hanya yake rikicewa ba, domin can yana bin na gabansa. Inda ake kuskure shi ne fitowa daga gidan mai, ko da sassafe a titin da babu kowa, lokacin da hannu ke komawa ga tsohon sabonsa. Dabarar da ke aiki: in motar ta ƙasar ce, direba kullum yana ɓangaren tsakiyar titi. In ka ga kanka a gefen da masu tafiya a ƙasa suke, ka sauka daga layinka.

Amurka da Birtaniya da mil suke auna gudu, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil 70 na manyan hanyoyin Birtaniya kusan kilomita 113 ke nan. A Faransa iyakar babbar hanya kilomita 130 ne, in ana ruwa ya sauka zuwa 110. A Faransa da Jamus allon sunan gari shi kansa umarni ne: da ka wuce shi gudu ya koma 50, ko ba ka ga lamba ba. Labarin da ake yi cewa babbar hanyar Jamus ba ta da iyakar gudu rabin gaskiya ne. Sassa da yawa suna da iyaka, inda babu kuma 130 hukuma ta ba da shawara, kuma layin hagu na wuce mota ne kawai, ka wuce ka koma dama. In cunkoso ya tsaya a can, na layin hagu su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar tsakiya ga motar asibiti tun kafin a ji jiniyarta.

Akwai dokar da ta fi kama baƙi a Faransa, Beljiyam da Jamus: a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ƙarami ne. A Amurka kuma, mahaɗa mai allon tsayawa ta kowane ɓangare, wanda ya fara isowa shi ke fara wucewa, kuma tsayawar ta zama cikakkiya, taya ta daina juyawa. Yawancin jihohi sun yarda ka karya dama a jan danja bayan ka tsaya, amma birnin New York ya hana sai inda allo ya ba da izini. In motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya tana walƙiya da jar fitila, kowa ya tsaya, wannan ba a wasa da ita.

In ɗan sanda ya tsayar da kai a Amurka, ka gangara gefe, ka kashe mota, ka sauke gilashi, ka ɗora hannuwanka a kan sitiyari, kada ka fito sai ya ce. In za ka ɗauko takarda ka faɗa masa inda take kafin ka miƙa hannu. A ko'ina kake kuma, kada tunanin ba jami'i wani abu ya ko gifta maka. Tara ce ake biya a wuce wurin, wancan kuwa kotu ne.

Mataki na shida: kuɗin hanya da unguwannin da ba a shiga

Wannan shi ne tarkon da ba ka jin ya kama ka sai wasiƙa ta iso. A Faransa da Italiya akwai ƙofofin biya a manyan hanyoyi, ka ɗauki tikiti a shiga ka biya a fita. A Suwizalan da Ostiriya kuwa babu ƙofa a yawancin hanyoyin. Sitika ake saye, ko a yi rajistar lambar mota ta intanet, kafin a hau. Ta Suwizalan ta shekara ce kaɗai, ta Ostiriya akwai ta kwana 10. A mashigar Dartford kusa da Landan kamara ce ke ɗaukar lamba, kuma kana da zuwa tsakar daren washegari ka biya ta intanet. Dubai tana da nata tsarin mai suna Salik.

Sai dokokin hayaƙi. Birane da yawa a Jamus suna buƙatar koriyar sitika a gilashi, Faransa tana da tata mai suna Crit'Air, Landan kuma tun Agustan 2023 ta faɗaɗa yankinta na taƙaita hayaƙi mai suna ULEZ ya game dukan birnin, tsohuwar motar da ba ta cika sharaɗi ba sai ta biya kowace rana. A Italiya ka riƙe haruffa uku a ka: ZTL. Farin allo ne mai jan da'ira a bakin tsofaffin unguwanni, mai nuna cewa motar da ba ta da izini ba ta shiga. Manhajar taswira tana iya tura ka ciki, kamara ta ɗauke ka, kuma kowace shiga tararta daban. Abin da ya fi sauƙi a kowane tsohon birni shi ne ka ajiye mota a wajen gari ka shiga da bas ko da ƙafa.

Mataki na bakwai: kwashe ayyukan gida daga kan Asabar

Ga dalilin da ya sa na ce tun Talata ake tafiyar. Abin da ke hana mai zaman waje fita yawanci tarin ƙananan ayyuka ne da babu mai taya shi. Ka raba su cikin mako: wanki ranar Talata, sayayya ranar Laraba ko Alhamis, wasiƙun hukuma a buɗe su ranar da suka zo. A Jamus, Ostiriya da Suwizalan yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi, a Ingila kuma manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa. In ka dawo daren Lahadi gida babu komai, Litinin za ta fara maka da ɓacin rai, sai ka ɗora wa tafiyar laifi.

Ka san kuma ranakun hutun inda kake. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi tun farkon 2022. Ka rubuta ranakun hutun ƙasa a kalanda tun farkon shekara, domin masauki yana cika da wuri a dogon ƙarshen mako, hanya ma haka.

Kiran gida da aka saba yi ranar hutu kada a yanke shi, a matsar da shi kawai. Ka sanar da su tun da wuri cewa wannan makon kana hanya, ko ka kira su ta bidiyo daga inda ka je. Iyaye sun fi samun kwanciyar hankali in suka ga ɗansu a fili yana murmushi, fiye da kullum a jikin bango ɗaya. Ka kuma gayyaci wani, musamman sabon zuwa da bai san kowa ba. Awa biyu a mota tana sa a yi hirar da ba za a taɓa yi a wurin aiki ba. Ku daidaita yadda za a raba kuɗin mai tun kafin a tashi, don kada a dawo da ƙullin zuciya.

Mataki na takwas: ranar tafiya

Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun daga gida, domin a tsaunuka da daji sabis yana ɗaukewa. Ka faɗa wa mutum ɗaya inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa. A cikin mota: takardu, cajar waya, ruwa, guzuri, magungunan da kake sha, tocila, riga mai ɗaukar haske da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, biyun ƙarshen nan doka ta wajabta su a Faransa da wasu ƙasashen Turai. Rigar a cikin mota za ta zauna inda hannu zai kai, ba a but ba.

Fitar sassafen Asabar ta fi ta yammacin Juma'a. Juma'a da yamma kowa yana hanya, kai kuma ka kwaso gajiyar mako. Dokokin hanya na Birtaniya sun ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu, da guje wa doguwar tafiya tsakanin tsakar dare da ƙarfe shida na safe. In ka ji hamma ta fara yawa, ko ka kasa tuna kilomitocin da ka wuce yanzu, sauke gilashi da ƙara sautin rediyo ba za su yi maka komai ba. Ka shiga wurin hutawa na gaba ka rufe ido minti ashirin. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. A Jamus doka ta ce in akwai ƙanƙara a titi sai da tayar hunturu. A Kebek ta Kanada wajibi ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba kada ya fara koyo a kan dutse. Gadoji suna daskarewa kafin sauran titi, kuma birki yana buƙatar tazara mai ninki da yawa. A hamada kuwa, ko ta Larabawa ko ta Ostireliya, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha, ka cika tanki duk inda ka ga gidan mai, in mota ta lalace kuma ka zauna kusa da ita, domin masu nema mota suke hangowa kafin mutum. Da asuba da magariba dabbobi suke tsallaka titi: barewa a Turai da Amurka, kangaru a Ostireliya, raƙuma a ƙasashen Larabawa.

Mataki na tara: in abu ya faru

Lambar gaggawa 112 ce a dukan Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 000 a Ostireliya. In mota ta tsaya a babbar hanya, kunna fitilun gargaɗi, gangara gefe iyakar iyawa, kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, a tsaya bayan shingen ƙarfe. Kada ka tsaya canza taya a nan. A manyan hanyoyin Faransa masu janwe da hukuma ta amince da su ne kaɗai ke da izinin ɗaukar mota, ana kiransu ta akwatunan waya masu ruwan lemo da ke gefen hanya ko ta 112.

In karo aka yi, ko ƙarami ne, ka tsaya. Barin wurin laifi ne mai girma, a Jamus ko motar da ke ajiye ka goga ba ya isa ka liƙa takarda ka tafi. Ka ɗauki hotuna, ku yi musayar suna, lambar mota da bayanin inshora. Ka yi magana da ladabi, ka tambayi lafiyar kowa, amma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimci yarenta ba, kuma ka bar wa inshora da 'yan sanda tantance mai laifi.

Mataki na goma: dawowa

Ka tsara isowa gida kafin magariba ranar ƙarshe, ka bar wa kanka awa biyu ko uku na wanka da shirin aiki. Yammacin Lahadi hanyoyin shiga manyan birane suna cushewa, wanda ya taso bayan azahar kaɗan ya tsere wa wannan. In motar haya ce, ka cika tanki a gidan mai mafi kusa da wurin mayarwa, ka riƙe rasit, ka nemi ma'aikaci ya duba ta a gabanka ya ba ka shaidar cewa lafiya ta dawo.

Daren nan ka shiga intanet ka biya duk kuɗin hanyar da kamara ta ɗauka. A makonnin da ke biye ka riƙa duba akwatin wasiƙa, domin tara ta gidan waya take zuwa, kuma a wurare da yawa wanda ya biya da wuri ana rage masa, wanda ya yi jinkiri ana ninka masa. In ka sauya gida, ka sanar da hukumar rajistar motoci sabon adireshinka a makon da ka tare, don kada wasiƙa ta yi ta zuwa tsohon gida tana ƙaruwa ba ka sani ba. Sannan ka buɗe kalanda ka sa ranar fita ta gaba, mako uku ko huɗu daga yau, ka aika wa wanda za ku tafi tare saƙo kafin ka kwanta.